JIKI MAGAYI: Wa ke janye ƙafa kafin mutum ya san ya taka ƙaya?

Duk wanda ya taɓa yin noma a jigawar Agye, ko ya bi turbar rijiya a Gazawa, ko ya ratsa Gulbin Maraɗi wajen Gidan Rumji ƙafa ba takalmi, ba sai an gaya masa abin da ake kira ƙaya ba. In ba tsidau ba ƙarangiya, in ba ita ba ƙayar gawo ko ta aduwa wadda aka sassabe aka bari a bakin gona. Amma akwai abu guda wanda ba kowa ya lura da shi ba. Ran da ka taka ƙaya, ƙafarka ce ke fara tashi, sa'an nan zafi ya iso, sa'an nan bakinka ya ce "wash!" Ba ka yi shawara ba, ba ka ba da umarni ba, ka dai tarar an riga an yi aikin. To, wa ya janye ƙafar?

Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin gane cututtuka uku waɗanda suka daɗe suna naƙasa mutane a ƙauyukanmu, watau kuturta da shan inna da sarƙe-haƙora. Wanda ya san yadda jiki ke aika rahoto, da yadda yake karɓar umarni, zai shaida alamunsu tun da wuri, ya kai maras lafiya gidan likita tun ba a makara ba.

JIJIYA IRI UKU CE

Kafin mu yi nisa sai mu warware wata kalma. A Hausa abu uku muke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda ake gani bisa bayan hannu. Akwai jijiyar nama, farar igiyar nan mai tauri wadda ta ɗaure tsoka ga ƙashi, kamar agara ta bayan dunduniya. Mahauta sun san ta, don ita ke ba wuƙa wahala. Ta uku kuwa farin zare ne mai taushi, ba jini cikinsa, aikinsa ɗaukar magana daga wani wuri zuwa wani kamar wayar tarho. Ita za mu kira jijiyar saƙo.

Jikin ɗan Adam yana da tsoka fiye da 600. Abin da tsoka ta iya guda ne: ta tsuke ta ja, ko ta saki. Ba ta iya turawa. Saboda haka aka yi su bibbiyu a kowace gaɓa, ɗaya mai lanƙwasawa, ɗaya mai miƙewa. Kuma tsoka ba ta tsukewa don kanta, sai umarni ya zo mata ta jijiyar saƙo.

Babbar hanyar waɗannan saƙonni ita ce laka, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, kaurinta bai wuce na ɗan ƙaramin yatsa ba. Jijiyoyi 31 ke fita daga cikinta ta dama, 31 ta hagu. A 1822 wani likitan Faransa, François Magendie, ya nuna cewa kowace ɗaya saiwa biyu gare ta: ta baya ita ce ƙofar da rahoto ke shiga, ta gaba kuwa ƙofar da umarni ke fita. In an yanke ta baya, gaɓar ta daina ji. In an yanke ta gaba, gaɓar ta daina motsi. A riƙe wannan, za mu komo gare shi.

ƳAN RAHOTO NA JIKI

Tun muna yara aka koya mana hanyoyin sani biyar: gani, da ji, da sansana, da ɗanɗano, da taɓawa. Akwai ta shida wadda ba a cika ambatonta ba. Mai karatu ya gwada yanzu: ya rufe ido, ya miƙa hannu gefe, sa'an nan ya kawo ɗan yatsa bisa hancinsa. Zai same shi daidai. Ido a rufe yake, to, wa ya gaya masa inda hannun yake? Wani masani Baturen Ingila, Charles Sherrington, shi ya yi bayanin wannan cikin littafinsa na 1906, ya ba shi suna mai ma'anar "jin kai da kai", watau yadda jiki ke sanin matsayin gaɓoɓinsa. A 1932 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Masu kawo wannan labari ƴan ƙananan abubuwa ne da ke bakin jijiyoyin saƙo. Mu kira su ƴan rahoto. Ga manyansu.

Na farko suna cikin fata. Waɗansu na jin taɓawa, waɗansu matsi, waɗansu zafin wuta ko sanyi, waɗansu kuwa ba su magana sai in an ji wa jiki rauni. Sun fi yawa a kan yatsu da leɓe, shi ya sa mai tsintar aya ke rarrabe aya da tsakuwa ko ba ta duba ba.

Na biyu suna kwance cikin tsoka kanta, tsakanin zaren nama. Masana sun kira su mazari, don siffarsu irin ta mazarin kaɗi ce wanda aka naɗa wa zare: ciki da kauri, baki biyu da tsini. Tsawon kowane ɗaya bai kai santimita guda ba galibi. In an ja tsoka ta yi tsawo, mazari ma ya jawu, nan take ya aika rahoto: an ja ni kaza, da sauri kaza.

Na uku suna daidai inda tsoka ta haɗu da jijiyar nama. Wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano su wajen 1880. Su ba tsawo suke aunawa ba, ƙarfin ja suke aunawa, kamar sikelin mai sayen gyaɗa. Da taimakonsu, tare da na fata, hannu ke sanin bambancin ƙarfin da za a riƙe ƙwai da wanda za a riƙe ƙotar hauya.

Na huɗu suna can cikin kunne, bayan dodon kunne, inda akwai ƴan bututu uku masu ruwa a ciki. In kai ya juya, ruwan ya motsa, rahoto ya tafi. Yaron da ya yi ta juyawa cikin wasa ya tsaya, ruwan bai tsaya tare da shi ba, shi ne hajijiyar da ke kayar da shi.

LAKA BA TA JIRAN IZINI

Yanzu mu koma ga mai taka ƙaya. Ƙaya ta huda fata, ɗan rahoto ya yi kururuwa, saƙo ya hau ƙafa, ya shiga laka ta ƙofar baya. A nan laka ba ta jiran ƙwaƙwalwa. Nan da nan sai ta mayar da umarni ta ƙofar gaba zuwa ga tsokar da ke naɗe ƙafa, ƙafa ta tashi. A lokacin kuma ta aika wani umarni ga ɗaya ƙafar ta ƙara tauri ta ɗauki nauyin jiki duka, in ba haka ba da mutum ya faɗi. Rahoto kuwa yana ci gaba da hawa zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya isa ne mutum ya san abin da ya same shi.

Ma'aikata sun san irin wannan tsari. In gobara ta kama danga a ƙauye, mai gari ba ya aika manzo wurin sarki ya zauna jiran amsa. Yana sa a kawo ruwa da ƙasa a kashe wuta, sa'an nan labari ya tafi fada. Laka ita ce mai gari, ƙwaƙwalwa ita ce fada. Wannan amsa ta gaggawa wadda laka ke bayarwa ita za mu kira zabura. Wanda ya taɓa sare kan maciji ya ga gangar jikin tana naɗewa in an taɓa ta, ya ga zabura da idonsa: kai ya tafi, laka na nan tana aiki.

Jijiyoyin saƙo ba gudunsu ɗaya ba. Masu kauri, irin na mazari, suna kai mita 100 cikin sakan guda, watau ninki uku na gudun motar da ke bin kwalta daga Maraɗi zuwa Tasawa. Sirara kuwa ba su wuce mita 1 ko 2. Don haka wanda ya yi tuntuɓe yakan ji zafi sau biyu: na farko mai kaifi, nan take, na biyu mai raɗaɗi, bayan ɗan jinkiri.

ABIN DA GUDUMAR LIKITA KE TAMBAYA

Da yawa cikinmu mun ga likita ya zaunar da mutum ƙafa na reto, ya ɗauko ƴar guduma mai bakin roba, ya buga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ƙafa ta yi harbi gaba. Waɗansu na tsammani ƙarfin ƙashi ake gwadawa. Ga abin da ke faruwa. Bugun ya danna jijiyar nama, ita kuma ta ja tsokar gaban cinya kaɗan. Mazari ya ji an ja shi, ya aika rahoto. Laka ta ba wannan tsoka umarni ta tsuke. Tafiya da komowa ba su cika kashi 1 cikin 20 na sakan ba, alhali kuwa in mutum ne zai motsa da niyya bayan ya ga alama, sai ya ci wajen kashi 1 cikin 5. Likitoci biyu na Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, su suka bayyana wannan gwaji a 1875, har yau kuma ana aiki da shi, don ba ya bukatar lantarki ko kuɗi.

Akwai wani abu da ido ba ya gani. Lokacin da laka ta ce wa tsokar gaba "ja", tana ce wa ta baya "saki". Cikin laka akwai ƙwayoyi waɗanda aikinsu ke nan, hanawa, kamar birki. Da babu su, da tsokoki biyu sun yi ta jayayya, gaɓa ta sandare.

Saboda haka bugu guda yana tambaya uku: rahoto na shiga? umarni na fita? birki na kamawa? In ƙafa ta yi shiru, akwai inda hanya ta yanke tsakanin tsoka da laka. In ta yi harbi fiye da kima, ana zaton ɓarnar tana sama, cikin ƙwaƙwalwa ko saman laka, kamar yadda ake gani ga wanda hawan jini ya shanye wa rabin jiki, don ƙwaƙwalwa ita ke ja wa laka linzami. A 1896 Joseph Babinski, likita a birnin Paris, ya ƙara wani gwaji: a ja wani abu bisa tafin ƙafa. Ga babba mai lafiya yatsu na lanƙwashewa ƙasa. In babban yatsa ya tashi sama, alama ce ta ɓarna a hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa. Ga jariri kuwa tashin yatsa ba laifi ba ne, don hanyar ba ta gama nuna ba.

Jariri ma da zaburarsa ake haihuwarsa. A taɓa masa kumatu ya juyo da baki, a sa masa nono ya tsotsa, a sa masa yatsa cikin tafi ya damƙe. Babu wanda ya koya masa. Ungozoma da uwa su lura da tsotso ƙwarai, za mu ga dalili.

MAI TULU DA ƊAN KOKAWA

Kada a ɗauka zabura ta ranar haɗari ce kaɗai. Dubi mace ta taso daga rijiya da tulu bisa gammo, goyo a baya, tana tafe cikin rairayi tana hira. Kowane taku rairayi na zamewa, ruwa na kaɗawa. Mazaran wuya da na baya da na ƙafa suna ta aika rahoto, kunne na aikawa, tafin ƙafa na aikawa, ana ta gyara ba ta sani ba. Ƙwaƙwalwa ma tana da waɗansu siraran jijiyoyi da ke zuwa ga mazari kansa, suna ɗame shi ko su sassauta shi, yadda makaɗi ke matsa tsarkiyar kalangu, don ya kasance a shirye komai tsawon tsoka.

Ga kuma kokawa. A 1975 aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauka, filin kokawa na Maraɗi kuma sunansa yake ɗauke da shi. Mai kallo na cewa ƙarfi ne. Ƙarfi na ciki, amma ɗan kokawar da aka sa wa ƙafa ya gyara tsayuwa kafin ya yi tunani, da rahoton jikinsa ya tsira. A ƙeya akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda ke gwada abin da aka yi niyya da abin da rahoto ya ce an yi, ta gyara kuskure, ta ajiye gyaran. Maimaitawa ita ke koya mata. Wanda ya fara riƙe alƙalami da girma ya tuna yadda hannu ya yi masa nauyi a watan farko, yau ga shi yana sa hannu bisa takarda ko bai duba ba.

To, sarƙa ce mai ƙarfe uku: rahoto, da umarni, da birki. Kowace cikin cututtukan nan uku ɗaya take kamawa.

IN RAHOTO YA YANKE: KUTURTA

An daɗe ana cewa kuturta gado ce, ko sammu, ko cin kifi da nono. A 1873 wani likitan Norwe, Armauer Hansen, ya ga ƙwayarta cikin madubin likita. Ƙwaya ce mai son wurare masu sanyi na jiki, watau fata da jijiyoyin saƙo na kusa da fata, a hannu da ƙafa da fuska. Tana da jinkiri: takan yi shekara 5, wani lokaci har 20, kafin alama ta fito. Mafi yawan mutane, wajen 95 cikin 100, jikinsu na kashe ta da kansa.

An kuma daɗe ana cewa kuturta na cin yatsu. Wani likita mai suna Paul Brand, wanda ya fara aiki da masu wannan cuta a Vellore ta ƙasar Indiya a ƙarshen shekarun 1940, shi ya nuna yadda abin yake. Ƙwayar tana kashe jijiya, sai hannu da ƙafa su daina ji. Mai ita ya taka ƙaya, ba rahoto, ba zabura, ya wuni yana tafiya bisa ƙayar. Mace ta sauke tukunya mai zafi, ba ta saki ba, don ba abin da ya gaya mata. Manomi ya matse ƙota fiye da kima, kanta ta fashe, ya ci gaba da noma. Miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce. Ashe zafin nan da muke ƙi mai gadi ne. Cutar kan taɓa jijiyoyin umarni ma, yatsu su ƙanƙance, ko ƙafa ta riƙa ja, ko ido ya kasa rufewa.

Alamar farko tabo ce a fata, wadda ta fi sauran jiki haske ko ta yi ja-ja, ba ta ƙaiƙayi, ba ta zafi. Gwajinta mai sauƙi ne: mutum ya rufe ido, a shafa masa ɗan ƙullin auduga bisa tabon da kuma gefensa. In yana ji a gefe, ba ya ji a tabon, ya tafi likita cikin wannan mako. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsayar da magani uku a haɗe, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya duka. Wata 6 ne ko wata 12, gwargwadon nauyin cutar, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Jahar Maraɗi tana da asibitin Danja, kudu da birni bisa hanyar Ɗan Isa, wanda mishan ta SIM ta buɗe tun cikin shekarun 1950 don masu wannan cuta.

Amma fa magani ƙwaya yake kashewa, ba ya ta da jijiyar da ta riga ta mutu. Wanda ƙafarsa ta daina ji, sai ido ya karɓi aikin gadi: ya duba tafin ƙafa da hannu kowane maraice, ya jiƙa su cikin ruwa, ya shafa mai, ya sa takalmi mai taushin ciki, ya naɗa tsumma ga ƙota da kunnen tukunya. Wannan gargaɗi ya shafi masu ciwon sukari ma, don shi ma yana kashe jin ƙafa.

IN UMARNI YA YANKE: SHAN INNA

Sunan ya nuna yadda magabata suka fassara ta, cewa Inna ce ta sha ƙafar yaro. Ƙwayar cuta ce wadda ke shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata. Ga mafi yawan yara takan wuce ba a sani ba. Ga wajen 1 cikin 200 kuwa sai ta kai laka, ta kashe ƙwayoyin da ke bakin ƙofar gaba, masu ba da umarni. Yaro ya yi zazzaɓi kwana biyu ko uku, a wayi gari ƙafa ta yi laƙwas. In an mintsine ta yana ji, yana kuka, don rahoto na shiga. Amma ba ya iya janye ta. Guduma ta buga, shiru. Tsokar da ba ta samun umarni kuwa ramewa take yi, shi ne ƙafar ke shanyewa.

Babu maganin da ke mayar da waɗannan ƙwayoyi, sai rigakafi. A 1988, lokacin da duniya ta ɗaura niyyar kawar da cutar, tana shanye yara wajen 350.000 kowace shekara. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafi a Kano da waɗansu jihohin arewacin Najeriya saboda jita-jita. Ba a koma ba a Kano sai watan Yuli na 2004, cikin ƴan shekaru kuwa ƙwayar ta sake shiga ƙasashe wajen 20. Gazawa da Gidan Rumji duk bisa iyaka suke, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, ƙwaya kuwa ba ta nuna takarda a duwan. A Nijar an ga ta ƙarshe irin ta daji a 2012, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka ta rabu da ita. Duk da haka aiki bai ƙare ba. Inda yaran da aka yi wa ɗigo suka yi kaɗan, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kan yi ta yawo tsakanin waɗanda ba a yi wa ba har ta sake yin ƙarfi. Maganin wannan shi ne kowane yaro ya samu, shi ya sa masu ɗigo ke komowa gida gida.

Ƙa'ida ita ce: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, a sanar da likita nan da nan, don ana bukatar a ɗauki kashinsa sau biyu cikin kwana 14 a auna. A kuma kiyayi allurar kasuwa. Babbar jijiyar ƙafa ta bayan ɗuwawu take bi. Allurar da wanda bai koya ba ya soka a wurin da bai dace ba tana iya shanye ƙafar yaro har abada.

IN BIRKI YA TSINKE: SARƘE-HAƘORA

Wannan ita likitoci ke kira tetanos. Ƙwayarta na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, watau cikin takin da muke kai wa gona. Tana shiga ta rauni mai zurfi ko mai dauɗa: ƙaya, ƙusa, sarar hauya, aska wadda ba a tsabtace ba wajen kaciya ko ƙaho ko cire beli. Cikin raunin take yin dafi, dafin ya bi jijiyar umarni ya hau zuwa laka, ya toshe bakin ƙwayoyin nan masu cewa "saki". Daga nan mai lanƙwasawa da mai miƙewa su ja tare. Bayan kwana 3 zuwa 21 muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, baya ya tanƙware. Ƙara kaɗan, ko haske, ko taɓawa, sai jiki duka ya ɗauka, mutum kuwa da hankalinsa, yana jin kome.

Ga jariri ta cibiya take shiga, in an yanke da reza tsohuwa ko an shafa toka ko ƙasa. Alamarta a fili take: ya yi tsotso lafiya kwana biyu na farko, sa'an nan tsakanin kwana 3 da 28 ya kasa kama nono, jiki ya yi tauri. Ba ƙin nono ya yi ba, bakin ne ya sarƙe. A kai shi asibitin gunduma a ranar, kada a jira suna.

Rigakafinta allura ce. Yara na samun ta a mako 6 da 10 da 14. Mace mai ciki in an yi mata, tana ba abin da ke cikinta kariya; allura 5 a lokutansu suna tsare ta duk shekarunta na haihuwa. Da wannan ne aka shaida wa Nijar a 2016 cewa ta rage tetanos na uwa da jariri har ya sauka ƙasa da 1 cikin haihuwa 1.000 a kowace gunduma. Amma ƙwayar na nan cikin ƙasa, ba ta ƙarewa, kuma wanda ya yi cutar ya warke bai tsira daga sake yin ta ba sai da allura.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya ku masu karatu, a ƙauyuka da yawa ku ne ake kawo wa takardar awo ku duba, ku ne ake tambaya. Ga abu biyar da za ku isar, a dandali da masallaci da wurin biki:

1. Tabon da ba ya jin auduga, a nuna wa likita, kada a ɓoye shi ƙarƙashin riga. Wanda ke shan magani kuma kada a ware masa ƙwarya.

2. Hannu ko ƙafar da ba ta ji, a duba ta kowace rana.

3. Yaron da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar kafin kwana 14.

4. Rauni mai zurfi, a wanke da ruwa da sabulu, a tafi a tambayi allurar tetanos. Cibiya kuwa sabuwar reza, kada a shafa mata kome sai abin da likita ya bayar.

5. Kowane yaro da kowace mai ciki su cika rigakafinsu, a adana takardar.

Sarakuna da masu gari da ma'aikatan gunduma, daga Cadawa zuwa Gangara, daga Tibiri zuwa Cadakori, su ma suna da nasu rabo: su buɗe wa masu rigakafi ƙofa, su kuma tabbata labarin maras lafiya ya isa gidan likita da wuri. Hausawa sun ce jiki magayi. Yana faɗa kuwa, sai dai a samu mai saurare. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.